Mota Mai Yoyo da Damina

 

Maganarmu ta yau ta masu mota ce, da direbobi, da makanikai, da yaran mota waɗanda muke ce wa aparanti. Amma wanda ba shi da mota kada ya kashe rediyo, don shi ma yana shiga ta haya, kuma cikinta ake ɗaukar kayansa. In mota ta ɗiga bisa buhun sukari ko siminti tsakanin Maraɗi da Damagaram, rigimar da za a yi a tasha ba ta direba kaɗai ba ce. Abin da za mu duba shi ne: in ka buɗe mota da safe bayan an yi ruwa, ka taka ƙasa ka ji caɓal, ta yaya za ka gane inda ruwan ya shigo?

Mu fara da abin da kowa ya sani, wato soro. Magini in ya gama rufi ya san ruwa zai sauka bisa. Don haka sai ya karkata daɓen, ya sa indararo, ruwa ya taru ya zuba nesa da bango. Ranar da indararo ya toshe da ƙasa ko da sheƙar tsuntsu, ruwa zai kwanta bisa rufi, ya nemi hanya, ya bi azara, ya je ya ɗiga can bisa gado. Maigidan da bai lura ba sai ya hau ya yaɓe daidai saman gado. Da an sake ruwa a sake ɗiga, don indararon yana nan a toshe.

Mota ma haka aka ƙera ta. Akwai wuraren da maƙera suka bari ruwa ya shiga da gangan, suka yi masa kwari da bututu da ramuka don ya fita ta ƙasa. Cikin ƙofa ruwa na shiga kullum aka yi ruwa. Ƙarƙashin gilashin gaba ma haka. Tagar rufi, ga motar da ke da ita, haka. Muddin hanyoyin fita a buɗe suke, ƙafarka ba za ta jiƙe ba. Ke nan abin da za ka fara nema shi ne indararon da ya toshe. Neman huda da shafa gam daga baya suke zuwa. Kuma inda ka ga ruwa ya kwanta, galibi ba nan ya shigo ba, nan ne dai ya ƙare tafiyarsa.

A ƙasarmu, rani ne ke yin ɓarnar, damina ta zo ta tona. Daga Oktoba har Mayu, wata takwas ke nan, kusan ba a ganin ɗigon ruwa. Ƙurar hunturu na cika kowane lungu na mota. Zafin Afrilu da Mayu, da yakan wuce digiri 40 a inuwa, yana gasa roba har ta bushe ta tsattsage. Ɓera na shiga ya yi sheƙa. Zanzaro na samun bakin bututu ya gina ɗakinsa na laka. Ga kuma gawo, wanda shi da farkon damina yake zubar da ganye, ƙanana ƙanana, daidai lokacin da direba ke neman inuwa. Ruwan farko in ya sauka bisa wannan tarkace sai ya kwaɓa shi ya zama laka, lakar ta liƙe ramukan.

Mu yi ɗan lissafi. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 bisa kowace murabba'in mita. Gilashin gaba da gefen rufin da ke gangarowa kansa, mu ce murabba'in mita 2. In aka yi ruwan milimita 40 cikin dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 80 ke nan, wato jarka huɗu ta lita 20. Duk wannan ruwa ta ramuka biyu ko uku zai wuce, kowanne bai fi kaurin babban yatsa ba. Kun ga in ɗaya ya toshe abin da zai faru.

To, kafin ka zargi ruwan sama, sai ka tabbatar ruwan sama ne. Mota na da ruwan kanta, kuma mutane da yawa sun kashe kuɗi wajen sake robar gilashi alhali laifin na wani wuri ne.

Akwai ruwan kilim, wato na'urar sanyaya mota. Tana tatsar laimar iska ta mai da ita ruwa, ruwan ya fita ta wani ɗan bututun roba ƙarƙashin mota. Shi ne ɗigon da kake gani a ƙasa in ka tsaya da kilim a kunne. Da damina iska cike take da laima, ruwan yakan yi yawa. In bututun ya toshe, sai ruwan ya koma ciki, ya zubo wajen ƙafar wanda ke zaune kusa da direba. Alamarsa: ƙasa na jiƙewa ko ranar da ba a yi ruwa ba, kuma in ka leƙa ƙarƙashin mota ba ka ganin ɗigon nan da aka saba.

Akwai kuma ruwan inji. Bayan tablo, wato allon da ke gaban direba, akwai wani ƙaramin lagireto na ɗumama cikin mota. Mu nan ba mu cika kunna shi ba sai ko safiyar ɗari, amma a yawancin motoci ruwan inji na ratsa shi kullum. In ya huje, ruwan na zuba cikin mota. In maganin lagireto ake sa wa motar, za ka ga launi, kore ko ja-ja ko shuɗi, ka ji santsi a yatsa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, gilashi kuma ya riƙa yin hazo mai maiƙo. Kada ka ɗanɗana, guba ne, kuma kada ka zubar inda yara ko awaki za su kai baki. In kuwa ruwan famfo ake zubawa, kamar yadda da yawa ke yi, launi ba zai gaya maka kome ba. Sai ka duba ruwan lagireto da safe inji na sanyi, ka sa alama, ka sake dubawa bayan kwana biyu. In yana raguwa, ka sami ɓarawo, kuma wannan ya fi yoyon ruwan sama gaggawa, don inji zai iya ƙonewa.

Ruwan da ya shigo ta ƙasa, lokacin da aka ratsa ƙorama ko tafkin da ya kwanta a titi, shi kuma da shaidarsa yake zuwa: ja ne, kuma in ya bushe yana barin yashi. Ruwan sama da ya biyo ta bisa garau yake.

In ka tabbata na sama ne, kada ka yi sauri. Ka fara da hannu. Shimfiɗar ƙasan mota, wadda ake kira tapi, tana da soso ko auduga mai kauri a ƙarƙashinta, kuma wannan soso na iya shan lita da yawa alhali samansa a bushe yake. Ka ɗaga robar da ke bakin ƙofa, ka cusa hannu ƙarƙashin tapi, gaba da baya, hagu da dama. Ka buɗe kofur ka cire tayar safiya ka duba raminta. Ka shafa rufi daga ciki, musamman kusurwoyi. Ka jawo bel ɗin ɗaure ƙirji har ƙarshe ka ji ko ya yi laima, don in ya jiƙe, ruwa na bin ginshiƙin da yake ciki. Hanci ma ma'aikaci ne. Ruwa ba ya tsami banza, motar da ke warin rima da safe, ko gilashinta ke yin raɓa daga ciki, tana ɓoye ruwa wani wuri.

Ƙurar nan da ta jawo mana wahala, a nan tana da rana. Bayan kowane marfin roba na cikin mota akwai ƙura kwance. Ruwa in ya bi ta cikinta yana barin sawu, kamar sawun maciji bisa rairayi. Ka haska tocila ƙarƙashin tablo da gefen ƙafa, ka sami sawun, ka bi shi sama har inda ya faro. Kada ka goge wurin kafin ka duba. Aparanti mai son aiki yakan riga ka da tsumma, ya share shaidar duka.

Sannan ka lura da lokacin da ruwan ke shiga, kuma wanda ya iya rubutu ya rubuta cikin ɗan littafi, don kai ba ya riƙe irin wannan. Motar na tsaye ne ko tana tafiya? In sai ana tafiya take jiƙewa, ka zargi ƙasa: toshen robar da ke dandamalin mota, ko ramin tsatsa kusa da taya, inda taya ke watsa ruwa da ƙarfi. In tana ajiye take jiƙewa, daga bisa ne. Ina ta fuskanta? Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa da iska, gefen da ya kalli gabas shi ke shan duka. Hancinta na bisa tudu ne ko yana gangare? Wata motar ba ta yoyo sai an ajiye ta a karkace. In ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa da bisa kujeru kafin hadari, ka duba da zarar an ɗauke, takardar za ta nuna maka inda ɗigon farko ya faɗi.

Yanzu sai indararo. Na farko kuma mafi yawan laifi shi ne kwarin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin sandunan goge gilashi. Ka buɗe kapo, za ka ga wani marfin baƙar roba mai ramuka. Ƙarƙashinsa akwai kwari da ya ratsa daga hagu zuwa dama, nan ruwan gilashi ke taruwa ya fita bayan tayoyin gaba. Cikin wannan kwari kuma bakin da fankar mota ke shaƙar iska yake, an ɗan ɗaga shi sama. In ramukan fita suka toshe, kwarin ya cika kamar kwatarniya, ruwa ya haura bakin fanka ya zubo cikin mota. Wani lokaci za ka ji motsin ruwa bayan tablo in ka sha kwana, ko fanka ta riƙa fesa ɗigo. Ka zuba buta ɗaya cikin kwarin, ka duba bayan taya. In ruwa ya zubo nan take, lafiya. In ya tsaya yana kallonka, ka cire marfin ka kwashe lakar da hannu, ka wanke.

Kada a raina wannan wuri. Motar Volkswagen Passat da aka ƙera tsakanin 1996 da 2005 ta yi suna a kansa wajen makanikan Turai. Batirinta cikin kwarin nan yake zaune, ramin fitar ruwa na ƙarƙashin batir inda ido ba ya kaiwa, kuma akwatin da ke sarrafa gilasan ƙofa da makullai yana kwance ƙarƙashin tapi a gaba ta hagu. Ramin ya toshe, ruwa ya shiga, akwatin ya jiƙe, sai ka ga gilashi na sauka da kansa, ƙofa na kullewa ba a taɓa ta ba. Mai mota ya yi ta yawo wajen masu gyaran waya, alhali ciwon ɗan dunƙulen laka ne.

Na biyu, ƙofofi. Siririyar robar da ke shafar gilashin ƙofa daga waje ba ta tare ruwa duka. Saura na gangarawa cikin ƙofa ya fita ta ramuka biyu ko uku da ke can ƙasanta. Ka buɗe ƙofa ka sunkuya za ka gan su. Ka sa tsinke ka buɗe su. In ka kaɗa ƙofa ka ji ruwa na motsi kamar cikin gora, sun toshe.

Na uku, tagar rufi. Yawancin motocin da ke da ita tsoffin motocin Turai ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome. Robar da ke kewaye da wannan taga ba a yi ta don ta hana ruwa gaba ɗaya ba. Ƙarƙashin tagar akwai faranti mai tare abin da ya wuce, da rami a kowace kusurwa, huɗu ke nan galibi, kowanne da siririn bututu da ya bi cikin ginshiƙi ya sauka ƙasa. Ka buɗe tagar, ka zuba rabin kofin shayi a kusurwa, ka ga ko ya fito ƙarƙashin mota. In bai fito ba, ka zura abu mai laushi a hankali, kamar igiyar roba mai kauri ta masunta. Kada ka sa wayar ƙarfe, za ta huda bututun. Kada kuma ka bari mai faci ya hura masa iska da ƙarfi, bututun zai kuɓuce daga bakinsa cikin rufi, ƙaramin aiki ya zama babba. Ni a ganina, wanda ba ya amfani da wannan taga, ya dai riƙa share ramukanta sau ɗaya kafin damina, ya fi ya liƙe ta da sulutif, don rana na cinye sulutif cikin ƴan makonni.

In indararo duka a buɗe suke kuma yoyo bai daina ba, to, an zo wurin gwaji da buta. Wannan aiki na mutum biyu ne, kuma haƙuri yake so. Ka busar da cikin mota tukuna, ka ɗage tapi. Kai ka shiga ciki da tocila, a rufe ƙofofi. Yaronka na waje da buta ko tiyo mara ƙarfi. Ku ajiye motar yadda take tsayawa in tana yoyo. Ya fara zubawa daga ƙasa, wuri ɗaya, sannu sannu kamar ruwan sama, minti uku zuwa biyar, kafin ya matsa sama kaɗan. Ƙasan ƙofa tukuna, sannan gilashin ƙofa, sannan gindin gilashin gaba, sannan gefensa, sannan samansa, rufi a ƙarshe. Dalili kuwa, in ya fara daga rufi ruwa zai wanke ko'ina lokaci guda, ka ga ɗigo ba ka san na wane wuri ba ne. Kuma kada a je wurin wankin mota mai injin fesa ruwa da sunan gwaji. Ƙarfin injin na tura ruwa ko ta robar da ke da lafiya. Ruwa na iya ɗaukar minti da yawa kafin ya ɓullo ciki, don haka in ka ga ɗigo ka tsai da yaron, ku jira, ku sake zubawa a wurin da ya gabata don ku tabbatar. Inda ruwa ke da tsada, jarka ɗaya ta isa in da buta ake yi.

Me gwajin yakan tona? Sau da yawa hannun mutum ne.

Bayan marfin ƙofa na ciki akwai wata leda da maƙera suka liƙa da baƙin gam mai danƙo. Aikinta ta mai da ruwan da ya fantsama cikin ƙofa ya koma ƙasa. Wanda ya gyara maka injin ɗaga gilashi ko ya sa lasifika yakan yage ta ya yar, yana ganin ledar banza ce. Da rani ba wanda zai sani. Da damina sai ruwa ya biyo bayan marfin, ya tsallake bakin ƙofa ya sauka bisa tapi. Maganinsa leda mai kauri, a yanka daidai, a liƙa kewaye, gindinta a cusa cikin ƙofa.

Haka bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota. Wayoyi na ratsa shi ta ramuka masu toshen roba. Mai sa rediyo, ko ƙarin oda, ko fitila, yakan huda toshen ko ya cire shi ya wuce da wayarsa. Ruwa kuwa na son waya, yana binta kamar yadda yake bin igiyar guga, har ya ɗiga bisa akwatin fiyus. In za a ratsa da waya, a sa ta lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ramin, don ɗigo ya faɗi a waje, kuma a mai da toshen.

Motocin tasha, irin su Hiace, nasu ciwon bisa rufi yake. An huda rufi ko an matse bakinsa an ɗaura ƙarfen lodi, ana labta masa kaya fiye da ƙima, aparanti na hawa yana sauka. Rufin ya lotsa, ramukan ƙusa su buɗe, gam ɗin da ke haɗin ƙarfen rufi ya tsage. Ka duba gindin kowace ƙafa ta ƙarfen lodi, da gindin eriya, da dogon kwarin da ke gefen rufi. Tsagar da ba ta fi gashi ba ta isa.

Robar kewayen ƙofa kuwa, mutane na saurin zarginta, amma ka gwada ta kafin ka saya. Ka sa tsinken takarda ka rufe ƙofa a kansa ka ja. In ya riƙe, wurin lafiya. In ya zame ba wuya, robar ba ta matsewa a nan. Ko ka shafa alli, irin namu na aji, a jikin robar ka rufe ka buɗe, inda allin bai kama ƙarfe ba nan ne kafar. Sai dai ka lura, sau da yawa robar ba ta da laifi, ƙofar ce ta sauka saboda gargadar hanya ta cinye maƙalanta. In haka ne, ko ka sa sabuwar roba ba za ta yi ba sai an ɗaga ƙofar.

Gilashin gaba, wanda makanikai ke kira parabiris, yana son dogon bayani. Tsoffin motoci irin su Peugeot 504 robar kewaye ce ke riƙe da gilashinsu, in ta tsufa a sake ta. Motocin yanzu kuwa liƙa gilashin ake yi da wani baƙin gam na musamman mai suna poliyuretan, robar da kake gani a gefe ado ce kawai. Gilashin da aka liƙa a masana'anta ba ya cika yoyo. Wanda aka sake bayan dutse ya fasa na farko, shi ne abin zargi, musamman in an liƙa bisa tsatsa ko bisa ƙura. Ga gwajinsa: ka shafa kumfar sabulu a kewayen gilashin daga waje, wani ya bi gefen daga ciki yana hura iska da tiyon mai faci a hankali. Inda kumfa ta kumbura, nan ne.

In ka sami wurin, don Allah ka ajiye silikon ɗin nan na gini. Na san shi ne ke kusa kuma shi ne mai araha. Amma irin wanda ke warin tsami yana cin ƙarfe ya kawo tsatsa, kuma inda ya taɓa, gam na gaskiya da fenti ba sa kamawa sai an kankare sosai. Gilashin da aka liƙa yana cikin abin da ke tallafe rufi in mota ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja a jikinsa take dogara in ta buɗe. Gilashin da ke yoyo bai liƙu ba ke nan. A cire shi, a kankare tsatsa, a shafa fenti, a sake liƙawa da gam ɗinsa, a bar shi ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalinsa.

Ruwan kofur galibi ta fitilun baya yake shiga, inda sosonsu ya mutu ko aka sa fitilar da ba ta zauna daidai ba. Akwai kuma wasu ƙananan tagogi masu leɓen roba a ɓoye bayan bamba, na fitar da iska in an rufe ƙofa, su ma suna saki. Motar da aka taɓa bugunta ta baya, a duba inda aka yi walda. A nan akwai abin da ya fi ruwa haɗari. Kafar da ruwa ke bi a bayan mota, hayaƙin salansa ma na iya binta in ana tafiya. Cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, tana kisa. In fasinjojin baya na kukan ciwon kai kuma kofur na yoyo, a gyara kafin a sake ɗaukar hanya.

Bayan an toshe, saura busarwa, kuma nan ne da yawa ke gajiya. Buɗe ƙofa yini ɗaya ba ya busar da soson ƙarƙashin tapi. A ɗage shi ko a fitar da shi a shanya a rana, rana dai ba mu rasa ta ba ko da malka. In aka bar shi, dandamali ya yi tsatsa, mahaɗan wayoyi su yi kore, batir ya riƙa mutuwa da dare, funfuna ta kama, mai asma ya shiga ya fito yana tari. Motocin Turai da yawa sun riga sun sha gishirin da ake watsa wa hanyoyinsu lokacin ƙanƙara, tsatsa na jiransu a ƙasa. In za a cire kujera, a kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi, a jira kamar minti 10, don wayoyin nan masu ruwan ɗorawa na ƙarƙashin kujera na jakar iska ne.

Kalma ɗaya ga mai shirin sayen mota. Da rani kowace mota ba ta yoyo. Daminar 2024, wadda ta yi ɓarna a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta bar motoci da suka kwana cikin ruwa, kuma irin waɗannan wankewa ake yi a kai kasuwa. Ka duba ƙusoshin da ke riƙe da kujeru ko sun yi tsatsa, ka ɗaga tayar safiya, ka cusa hannu ƙarƙashin tapi ka ji ko akwai busasshen yashi. Motar da aka cika ta da turare, ka rufe gilasanta ka bar ta a rana rabin sa'a, sannan ka buɗe ka shaƙa. Kuma ka roƙi mai ita ya bari a zuba mata buta biyu a gindin gilashin gaba kana kallo.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.